Tansiyo 17 A Damagaram, 170 A Bauchi

Mu mutanen tsallaken iyaka ne da neman abinci ya zaunar da mu a Najeriya.  Yau ina so mu ɗan taɓa maganar ciwon nan da a gida muke kira tansiyo, a nan kuma ake ce masa hawan jini, domin na lura da wuya ka sami gidan da bai leƙa ba a cikinmu, amma kaɗan ne suka san kansa.

Bari in fara da lissafi, tunda ɗan kasuwa ne ya haife ni. Idan ka je likita a Damagaram ko Maraɗi aka ɗaura maka abin awo a damtse, za ka ji an ce tansiyonka 12/8 ne, ko 14/9. Idan kuwa a asibitin Bauchi ko Kano ne, sai ka ji 120/80 ko 140/90. To, mai karatu, duk abu ɗaya ne. Masu bin tsarin Faransa da santimita suke ƙirgawa, masu bin na Ingila kuma da milimita, sifili ɗaya ne kawai tsakaninsu. Za ka ga kamar wannan ƙaramin abu ne, amma shi ya kusa cutar da mahaifina. A 2021 ya je gida gaisuwar rasuwa, aka auna shi aka ce masa 17. Mutumin da ya saba ƙirga jikkuna, ina sha bakwai za ta tayar masa da hankali? Ya naɗe takardar maganin da aka rubuta masa ya cusa a aljihu. Bayan shekara guda wani mai kemis a nan Bauchi ya auna shi ya ce 170. Baba ya dawo gida yana dariya, wai a Najeriya hatta awon jini ya bi sahun naira, komai sai an ninka shi sau goma. Da 17 ɗin can da 170 ɗin nan duk jini ɗaya ne, kuma duk sun wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Ni ba likita ba ne, iyakata sakandare. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a bakin likitocin da suka duba Baba, da kuma ɗan maigidanmu da yake karatun likita, wanda nake takura wa da tambaya har ya gaji da ni. Ga yadda na fahimta. Zuciya famfo ce da ba ta fi dunƙulen hannunka girma ba, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda injin ban ruwa ke tura ruwa a tiyo. Lamba ta sama ita ce ƙarfin jinin lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Idan aka auna ka a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko sama da haka, to kana da hawan jini. Duk wanda ya taɓa ba fulawa ruwa ya san abin da ke faruwa idan aka danne bakin tiyo: injin ya riƙa nishi, tiyon kuma ya nemi inda ya fi rauni ya fashe. A jikin mutum wuraren raunin su ne ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido. Ita kuma zuciyar sai ta yi kauri kamar damtsen ɗan dako, daga baya ta gaji ta saki.

Hausawa sun ce jiki magayi, amma wallahi a wannan ciwo jiki ba ya gaya maka komai. Mutanenmu sun ɗauka sai kai ya yi ciwo ko an ga jiri sannan jini ya hau. Baba bai taɓa kwanciya ba, shi ke fara buɗe rumfa a layinsu a kasuwar Muda Lawal, inda yake sayar da dabino da kanwa da busasshen tattasai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce mutum ɗaya cikin kowane baligi uku a duniya yana ɗauke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, sannan huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da zai ishe su. Wato idan ka tsaya a tashar mota ka ƙirga dattawa goma sha biyu a kan benci, ka yi lissafin da kanka.

A GRA muke zaune, amma kada mai karatu ya ɗauka mun yi kuɗi. A ɗakunan baya muke, waɗanda ake kira boskwata, a gidan wani Alhaji da suka daɗe suna hulɗar kasuwanci da Baba. Zaman GRA ya nuna mini wani abu. A cikin gidajen nan masu dogayen katangu da inuwar darbejiya, da wuya ka shiga wanda babu na'urar awon jini a durowa. Maigida yana aunawa, Hajiya tana aunawa, suna da likitan da suke kira a waya. A bakin ƙofar gidajen kuwa, mu ne: masu gadi, masu shayi, 'yan ga-ruwa, masu yankan farce, yawanci daga Tanut ko Gure ko Magarya. Tsakanin na'urar da mai gadi bai fi taku ashirin ba, amma sai ya shekara goma ba a taɓa ɗaura masa ita ba. Shi ma ba zai tambaya ba, domin a wurinsa hawan jini ciwon masu kuɗi ne, na masu tumbi da cin kaji.

Akwai wani dattijo mai gadi a layinmu, ɗan wajen Tanut, kowa Kawu yake ce masa. Siriri ne kamar sanda, abincinsa bai wuce shayi da burodi da garau-garau ba. Wata rana da sanyin asuba a farkon 2022 aka ga bai fito salla ba, aka leƙa ɗakinsa aka same shi a ƙasa, baki ya karkace, hannun dama ya saki, yana son magana harshe ya ƙi. Nan take 'yan uwa suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce jifa ne. Aka tada shi zaune ana ɗura masa ruwa yana shaƙewa. Ba a kai shi asibiti ba sai bayan la'asar da maigidansa ya dawo daga tafiya. Da aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa sai aka ga jijiya ce ta fashe, jininsa kuma ya haura 200. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa bai dawo ba. Karo-karo muka yi aka ɗauki shatar mota ta bi da shi ta Maigatari zuwa gida. Mutumin da ya zo neman abin da zai aika wa iyali, shi aka mayar musu a kwance.

Abin da likita ya gaya mana a ranar ina so kowa ya riƙe. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Da ido ba a bambance su, sai da hoto, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan, shi ya sa ba a ba mutum asfirin a gida da sunan taimako. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, domin maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin ya bi ta huhu. Da an ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota a lokacin, ko da a Keke Napep ne. Addu'a kuwa a cikin motar ma ana yin ta. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya gano cewa kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a yankin nan suna da nasaba da hawan jini. Ga iskar da ke bugun mutanenmu nan.

Ganin Kawu a kwance ne ya sa da mai kemis ya ce wa Baba 170 a ƙarshen shekarar, muka taru muka matsa masa, dariyarsa ba ta yi tasiri ba. Na raka shi asibitin koyarwa na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga masu tsoron asibitin Najeriya don su baƙi ne, mu dai kati muka yanka kamar kowa muka bi layi. An auna shi hannu biyu, an ɗebi jini don duba ƙoda da suga da kitse, an duba fitsari, sannan aka manna masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto, wanda ke nuna yadda zuciya ke bugawa. Likitar, yarinya ce da ba ta fi yayata ba, ta rubuta masa ƙwayoyi biyu: amlodifin mai buɗe jijiyoyi, da wata ƙarama mai sa fitsari ta rage gishiri da ruwa a jiki. Daga baya ɗan maigidanmu ya gaya mini ba da ka aka zaɓe su ba. A 2019 an wallafa wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida a kan mutum 728, wanda ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauko da jinin baƙar fata. Na ji daɗin wannan, domin ko ba komai an gwada abin a jikin irinmu.

Sai Baba ya yi tambayar da kowa ke yi.

"Likita, kwana nawa zan yi ina sha?"

Ta ce, "Baba, wannan ba irin na zazzaɓi ba ne. Kullum za ka riƙa sha, ko ka ji garau."

"Har yaushe?"

"Har iya rayuwa, Baba. Allah Ya ja kwana."

A mota muna dawowa bai ce uffan ba. Sai da muka kusa gida ya ce, maganin da ba ya warkarwa ai ciniki ne kawai aka buɗe da shi. Kuma a nan gizo ke saƙar, jama'a. Mun saba da maganin kwana uku, ka sha ka warke ka manta. Idan aka auna mutum bayan wata guda aka ce jininsa ya sauka, sai ya ce alhamdu lillahi ya warke, ya ajiye ƙwaya. Alhali ƙwayar ce ta danne shi, da ka ɗaga hannu zai koma inda yake. Wasu kuma illar maganin ke korar su: amlodifin yakan kumbura idon sawu, lisinofiril yakan sa busasshen tari, mai sa fitsarin kuma yakan hana ɗan kasuwa zama a rumfa. Duk waɗannan idan ka koma ka faɗa, ana canza maka wani ko a gyara lokacin sha. Haka ma da azumi, likita ke tsara maka ko da sahur ko da buɗa baki.

Baba ya riƙe maganinsa har tsakiyar 2023. Kowa a cikinmu ya san abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai: aka rufe iyaka, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Kaya suka daina zuwa, ga cire tallafin mai, ga faɗuwar naira, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Ba tare da ya gaya wa kowa ba, Baba ya fara raba ƙwaya biyu, daga nan ya koma sha kwana ɗaya ya tsallake ɗaya, daga nan ya koma ga tafarnuwa da zoɓo. Ba na raina zoɓo, an ce yana ɗan taimakawa, amma ɗan taimako ba ya sauke 170. Inna ce ta fara lura cewa ya daina kwanciya miƙe, sai ya tara matasai uku ya jingina, da dare ya farka yana tari yana neman iska. Takalminsa ya daina shiga. Daga bakin titi zuwa rumfa sai ya tsaya sau biyu yana haki.

Da muka koma asibiti aka yi masa hoton zuciya da ake kira eko, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita. Na ga zuciyar mahaifina a allo tana motsi, likita yana nuna mini inda bangonta ya yi kauri. Ya ce ta fara gazawa, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafa. Kwanansa shida a kwance. Kuɗin da muka kashe a kwanakin nan shida, da na zauna na lissafa, ya fi na maganin shekara biyu. Da wannan lissafin na je masa, don na san yaren da yake ji ke nan. Na ce, "Baba, kai kana kallon maganin nan kamar bashi ne da za ka biya ka huta. Kuɗin hayar rumfa ne. Ka taɓa cewa tunda ka biya na bara, bana ba za ka biya ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nema, ni za ka koya wa kasuwa?" Amma tun daga ranar, kuɗin magani ne farkon abin da ake cirewa a ciniki, kafin na cefane.

Mene ne ke kawo shi? Idan ka tambayi mutanenmu za su ce tunani. Damuwa tana da nata kason, amma da ita kaɗai ce da duk wanda ya ga rufe iyaka ya kamu. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba da yawan zama da taba. Sai babban, gishiri. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin magi da burodi da yajin tsire da taliyar 'yan yara. Mu kuwa gwauraye da ke cin abincin titi sau uku a rana, Allah kaɗai Ya san cokali nawa muke sha. Akwai kuma wanda ban taɓa zato ba: ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda 'yan dako da 'yan ga-ruwa ke haɗiya kullum da yamma kamar gyaɗa. Suna ɗaga jini, suna kuma cin ƙoda.

Dole in taɓo kanwa, tunda da kuɗinta aka yi mini makaranta. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yadda mata da yawa a yankin ke kamuwa da gazawar zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Shekara da shekaru a kan haka ake. Sai a 2020 Farfesa Kamilu Ƙaraye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bincike a kan mata 406 daga sassan Najeriya. Sun tabbatar ciwon yana da yawa a arewa maso yamma, a wani wurin kusan mace ɗaya a haihuwa 100, amma ba su ga alaƙarsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da suka gani shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Ranar da na karanta wa Baba wannan, har tsaraba ya saya mini, wai an wanke sana'arsa. Na ce masa ya bi a hankali, domin sinadarin da ke cikin gishiri yana ɗaga jini, shi ne dai a cikin kanwa, don haka mai hawan jini ba shi ba ita. Abin da ya fi muhimmanci ga masu mata a gida ko a nan shi ne: mai jego da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya miƙe, kada a ce gajiyar haihuwa ce a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta a duba zuciyarta.

Bayan sallamar Baba, Alhaji maigidanmu ya ba mu tsohuwar na'urarsu, ni kuma na mayar da ita rumfa. Duk ɗan gida da ya zo sayen dabino ko karɓar saƙo, sai na ce ya zauna. Awon yana da ƙa'ida: mutum ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, kuma ba wanda ya gama cin goro ko shan shayi ko taba yanzun nan ba. Ina aunawa sau biyu in rubuta masa a takarda da lissafin nan da na gida, 160/100 a gefe ɗaya, 16/10 a ɗaya gefen, don duk inda ya kai ta a gane. Ba na ba kowa magani, iyakata in ce ya je asibiti. Wanda yake kan magani kuma zai tafi gida noma, ina ce masa ya sayi na wata uku ya tafi da kwalin. Sunan kamfani yakan bambanta tsakanin kemis ɗin Bauchi da farmasin Damagaram, amma ƙaramin sunan da ke ƙasa, na ainihin maganin, kusan iri ɗaya ne a Turanci da Faransanci.

Ba kowa ke yarda ba. Akwai wani mai shayi a bakin layinmu na GRA, ɗan wajen Gure, yana cikin waɗanda suka ɗauki Kawu zuwa mota da hannunsu. Sau uku ina ɗauko na'urar daga kasuwa takanas dominsa, yana cewa in rabu da shi, shi bai son a tono masa abin da ke kwance. Ranar Juma'ar da ta wuce na zo wucewa da dare, sai ya ƙwala mini kira, ya zuba mini shayi bai karɓi kuɗi ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni ko abin nan yana da zafi idan ya matse hannu. Na ce babu. Ya ce to in zo da shi ranar Lahadi, amma da sassafe, kafin mutane su taru.